Wane Littafin Al'ajabi Ne Ya Cancanci Sahun Gaba?

 

A watan Oktoba na 2020 mujallar Time ta Amurka ta fitar da jerin littattafai 100 da ta ce babu kamarsu a fagen labaran al'ajabi, wato ƙagaggun labaran da ke kai mai karatu duniyar aljanu da matsafa da dodanni da takubban sihiri. Mujallar ta nemi taimakon marubuta takwas da suka yi suna a fagen, cikinsu har da George R.R. Martin da Neil Gaiman da N.K. Jemisin da Marlon James na Jamaika da Tomi Adeyemi, wadda iyayenta Yarabawa ne daga Najeriya. Ba a kwana ba sai da gardama ta kaure.

Masu ƙorafi suna da hujja. Littafin The Hobbit na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a 1937 kuma yara da manya ke karanta shi har gobe, bai samu shiga ba. Kowane ɗaya daga cikin alƙalan takwas kuwa akwai littafinsa a ciki, wasu ma fiye da ɗaya, duk da cewa mujallar ta ce ba wanda ya gabatar da nasa. Kaso mai tsoka na jerin littattafai ne da suka fito bayan shekarar 2000, wasu ko shekara biyu ba su yi a kasuwa ba. Sannan ga wani giɓi da ya fi waɗannan duka girma: daga labarin Sarki Arthur na Thomas Malory, wanda aka buga a 1485, sai jerin ya yi tsalle ya dira a kan labarin Alice na Lewis Carroll na 1865. Shekara 380 ke nan, a ce a duk faɗin duniya ba a rubuta wani labarin al'ajabi da ya isa a ambata ba.

Amma a yi wa jerin adalci. Littafin da ya buɗe shi shi ne Dare Dubu da Ɗaya, wanda Bahaushe ya daɗe da saninsa tun zamanin da malamai ke karanta shi da Larabci, kafin a mayar da shi Hausa a zamanin Turawa. Akwai kuma littattafai biyu na Amos Tutuola, mutumin Abeokuta, da na Nnedi Okorafor, da na Jin Yong na ƙasar Sin. Alƙalan sun yi ƙoƙarin leƙawa waje. Abin da ya hana su gani da nisa shi ne ƙofa ɗaya ce tak ake shiga zaurensu, ita ce ta Turancin Ingilishi. Littafin da ba a rubuta da shi ba, ko ba a fassara shi aka baza a kantunan Landan da New York ba, ko gabansu bai zo ba balle a yi masa hukunci.

Shi kansa Dare Dubu da Ɗaya ta irin wannan ƙofa ya bi. Wani Bafaranshe mai suna Antoine Galland ne ya fara fassara shi a Turai, juzu'i bayan juzu'i daga 1704 zuwa 1717. Labarin Aladin da fitilarsa da na Ali Baba da ɓarayi arba'in, waɗanda duniya ta fi sani a yau, ba su cikin tsohon rubutun Larabcin da Galland ya yi aiki da shi. Daga bakin wani saurayi ɗan birnin Halab na Sham, Hanna Diyab, ya ji su a Paris a 1709, ya rubuta ya zuba a littafinsa ba tare da ya sa sunan saurayin ba. An yi ƙarnoni kafin masu bincike su mayar wa Diyab haƙƙinsa. Duk wanda zai yi jayayya a kan jerin gwanaye ya kamata ya riƙe wannan labari a ransa, domin yana nuna yadda hanyar shahara take: akwai mai ba da labari, akwai mai fassara, akwai mai bugawa, kuma sau da yawa na farkon ne ake mantawa da shi.

To idan ba a yarda da alƙalai takwas ba, sai a tambayi jama'a? An taɓa yin haka. A 2003 BBC ta sa mutanen Birtaniya su zaɓi littafin da suka fi so, aka kaɗa ƙuri'a kusan dubu 750. The Lord of the Rings na Tolkien ne ya zo na ɗaya, His Dark Materials na Philip Pullman na uku, ɗaya daga cikin littattafan Harry Potter na biyar. Shekara shida kafin nan, a 1997, wani zaɓen da kantin littattafai na Waterstones ya shirya ya ba Tolkien kambun littafin ƙarni, abin da ya ɓata wa manyan masu sharhi rai ƙwarai. Wasunsu dama tun farko ba su so shi ba. A 1956 Edmund Wilson, wanda ake ji da shi a sharhin adabi a Amurka, ya yi masa kaca-kaca, ya ce shirme ne na yara. A 1961 abokin Tolkien, C.S. Lewis, ya gabatar da sunansa don kyautar Nobel, kwamitin ya ƙi, kuma da aka buɗe takardun bayan shekara hamsin sai aka ga dalilin: sun ce salon rubutunsa bai kai na manyan masu ba da labari ba.

Wannan raini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da wani jami'in mulkin mallaka mai suna Rupert East ya zaga garuruwan Arewa a 1933 yana neman malamai su ƙaga labari su rubuta, babbar wahalar da ya sha ita ce malaman na ganin ƙagaggen labari aikin mata da yara ne, abin da ake yi da dare a tsakar gida, bai dace da alƙalamin mai ilimi ba. Daga Zariya har Oxford, labarin al'ajabi sai da ya yi kokawa kafin a ba shi wurin zama.

Ke nan ƙuri'ar jama'a tana auna farin jini, hukuncin masana kuma yakan makara. Ana bukatar wani ma'auni da mai karatu zai iya riƙewa da kansa, kuma wanda wannan lacca ta tsaya a kai shi ne: a dubi abin da al'ajabin ya ci wa mutanen da ke cikin labarin. Ƙirƙiro zoben da ke ɓatar da mutum ko dokin da ke tashi sama abu ne mai sauƙi, yaro ma yana yi. Gwanin marubuci shi ne wanda zai sa zoben nan ya zo da farashi, farashin kuma ya zama irin wanda mai karatu ya sani a rayuwarsa ta zahiri, ko da bai taɓa ganin aljani ba.

Da wannan ma'auni Tolkien ya tsaya daram. Mutumin malamin tsoffin harsuna ne a Jami'ar Oxford, kuma harsunan da ya ƙirƙira wa mutanen duniyarsa sun riga labarin kansa zuwa. Sai da ya gina musu nahawu da tarihi sannan ya nemo masu magana da su. Amma ba wannan ne ya sa littafin ya rayu ba. Tolkien ya je fagen daga na Somme a Faransa a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda biyu daga cikin aminansa na makaranta suka mutu. Da ya zo rubuta babban littafinsa, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955, sai ya ɗora nauyin duniya a wuyan wani ɗan ƙaramin taliki mai suna Frodo, wanda ba jarumi ba ne, ba kuma ɗan sarauta ba. Aikinsa shi ne ya kai zoben mulki inda za a hallaka shi. Ya sha yunwa da ƙishirwa da rauni har ya isa bakin ramin wutar, a nan kuma zuciyarsa ta gaza, ya ce zoben nasa ne. Gollum, wani abin tausayi da zoben ya riga ya lalata, wanda aka sha yi wa afuwa a baya, shi ne ya gatse masa yatsa ya faɗa wutar da zoben. Duniya ta tsira ta dalilin rahamar da aka yi wa wanda bai cancance ta ba. Frodo ya koma gida, ya tarar kowa na iya jin daɗin zaman lafiyar ban da shi, saboda raunin da ya ɗauko bai warke ba, daga ƙarshe ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar. Duk gidan da aka taɓa samun soja ya dawo daga yaƙi da ransa amma ba yadda ya tafi ba, sun san wannan mutum.

Littafin na da aibi, kuma masoyansa ba su kyauta idan suna ɓoyewa. Mata ba su da yawa a cikinsa. Mutanen kudu da na gabas, masu duhun fata, a rundunar mugu aka jera su, mai karatu ɗan Afirka kuwa ba zai wuce wannan wuri bai ji wani abu ya soke shi ba. Michael Moorcock, shi ma marubucin al'ajabi ne ɗan Ingila, ya zarge shi a 1978 da lallashin mai karatu da begen tsohuwar ƙauyen Ingila. Duk da haka aibin bai rushe ginin ba. Yana sahun gaba.

Inda gardama ta fi zafi shi ne tsakanin littattafai biyu da suka yi tarayya a abu guda, wato yaron da aka kai makarantar koyon sihiri. Kowa ya san Harry Potter na J.K. Rowling. Ya fara fitowa a 1997 bayan kamfanoni da dama sun ƙi buga shi, ya kammala da littafi na bakwai a 2007, an sayar da kwafi sama da miliyan 500, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 80. Ya jawo miliyoyin yara zuwa ga karatu, wannan kuwa alheri ne da ba mai ƙwace masa. Rowling ta iya ƙulla zare, ta iya ɓoye abu a littafi na biyu ta fito da shi a na shida, ta kuma san zafin maraici. Amma sihirin da ke ciki kusan kyauta ne. A kaɗa sanda, a furta kalma, abu ya faru, mai yin bai rasa komai ba.

Shekara 29 kafin wannan, a 1968, Ursula K. Le Guin ta Amurka ta fitar da A Wizard of Earthsea, ɗan siririn littafi da ake iya gamawa a zama biyu. Yaron da ke ciki, Ged, makiyayin awaki ne mai baiwa da girman kai. A makaranta wani ɗalibi ya raina shi, don ya nuna isa sai ya kira ruhin matacciya, ya tsaga abin da ke tsakanin rayayyu da matattu, wata inuwa marar suna ta fito ta yage masa fuska. Shugaban makarantar ya ba da ransa wajen rufe tsagar. Daga nan Ged ya shiga gudu daga tsibiri zuwa tsibiri inuwar na bin sa, har malaminsa na farko ya ba shi shawara ya juya ya bi ta. Da suka haɗu a ƙarshen teku, da sunan kansa ya kira ta, domin ita ce ɓangaren kansa da ya ƙi amsa. A duniyar Le Guin idan matsafi ya jawo ruwan sama zuwa wani tsibiri, wani tsibirin ne zai yi fari, don haka babban malami shi ne wanda ya san lokacin da zai kame hannunsa. Mai karatun da ya tashi yana jin wa'azin yaƙi da son zuciya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Le Guin ta kuma yi Ged da yawancin mutanen duniyarsa masu jar fata da baƙa, da gangan, a lokacin da ba a saba ganin haka ba. Da aka mayar da labarin fim na talabijin a 2004 aka sa Bature fari ya fito a matsayinsa, ta fito fili ta yi tir. Idan kujera ɗaya ce ta rage tsakanin littattafan nan biyu, ta Le Guin ce, ko da kuwa ba ta sayar da kashi ɗaya cikin goma na abin da Rowling ta sayar ba.

George R.R. Martin ya san farashi, har ma ya wuce gona da iri. Tun daga A Game of Thrones na 1996 ya nuna cewa mutumin kirki na iya rasa kansa saboda kirkinsa, ya kuma ɗebo da yawa daga yaƙe-yaƙen gadon sarautar Ingila na ƙarni na 15. Sai dai littafi na biyar ya fito tun 2011, masu karatu suka shafe shekara fiye da goma suna jiran na shida. Labarin da aka gina a kan alƙawarin ƙarshe, ba a yanke masa hukunci sai an ga ƙarshen. N.K. Jemisin kuwa ta gama nata. Littattafanta uku da suka fara da The Fifth Season sun ci kyautar Hugo shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, abin da ba wanda ya taɓa yi. A cikinsu akwai mutanen da ke iya kwantar da girgizar ƙasa, al'umma ba ta iya rayuwa sai da su, amma ta tsane su ta kuma bautar da su. Jikar bayi ce ta rubuta wannan, kuma ana jin haka a kowane shafi. Tomi Adeyemi tana da ƙarfi da ƙuruciya, amma sanya littattafanta biyu, na 2018 da na 2019, cikin gwanayen kowane zamani gaggawa ce. Ba a ba su lokacin da za a ga ko za su jure ba.

A koma ga giɓin nan na shekara 380. A cikinsa, wajen 1592, aka buga wani littafi mai babi 100 a ƙasar Sin, wanda ake danganta shi ga Wu Cheng'en, labarin tafiya zuwa yamma. Asalinsa tarihi ne: wani malamin addinin Buddha mai suna Xuanzang ya yi tafiya daga Sin zuwa Indiya a ƙarni na 7 don ɗebo littattafan addininsa. Marubucin ya haɗa shi da abokan tafiya, babbansu Sarkin Birai Sun Wukong, mai tsaurin ido da ya taɓa hargitsa fadar sama har aka danne shi da dutse shekara 500. An sa masa wani zobe a ka wanda ke matse shi duk sanda ya yi taurin kai. Akwai kuma wani mai siffar alade, sarkin ci da lalaci. Littafin cike yake da ban dariya, amma a ƙarƙashin dariyar labarin horar da zuciya ne, birin kuma ita ce zuciyar. Ɗaruruwan miliyoyin mutane sun tashi da shi, an yi masa wasan kwaikwayo da fina-finai ba adadi. Cikakkiyar fassararsa ta Ingilishi sai tsakanin 1977 da 1983 ta fito. Jerin da ya tsallake wannan littafi ya sa wanda ya fito bara bai isa ya kira kansa na duniya ba.

Haka abin yake a nan kusa. Amos Tutuola ya cancanci yabon da ya samu. Ɗan saƙo ne a ofishin ƙwadago na Legas, karatunsa na boko bai wuce shekara shida ba, ya rubuta labarin wani mashayin bammi da mai yi masa ɗiban bammin ya faɗo daga bishiya ya mutu, shi kuma ya tashi neman sa har garin matattu. Kamfanin Faber na Landan ya buga shi a 1952, mawaƙi Dylan Thomas ya yabe shi a jarida, alhali 'yan bokon Najeriya da yawa kunya suka ji saboda Turancinsa ba na makaranta ba ne. A ciki akwai kyakkyawan saurayin da budurwa ta bi daga kasuwa, yana tafe yana mayar da gaɓoɓin da ya aro har ya rage ƙoƙon kai kawai, labarin da ɗan Bahaushe zai gane nan take, domin ɗan'uwan tatsuniyar yarinyar nan ce da ta ce ba ta auren mai tabo. Amma kafin Tutuola akwai D.O. Fagunwa, malamin makaranta, wanda ya fitar da Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale da Yarabanci a 1938, labarin maharbi Akara-ogun a dajin iskoki. Yarabawa sun san wane ne babba a cikin su biyun, Tutuola ma a inuwarsa ya tashi. Fagunwa ya rasu kusa da Bida a 1963, kuma sai a 1968 Wole Soyinka ya mayar da littafin Ingilishi, shekara 30 bayan fitowarsa. Tutuola na da kujera biyu a jerin Time, Fagunwa ba shi da ko ɗaya, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne harshen da kowanne ya riƙa alƙalami da shi.

Wannan ya kawo magana gida. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙagaggen labarin Hausa na boko da al'ajabi ya buɗe ido. Cikin littattafai biyar da gasar rubutun da Rupert East ya zaga dominta a 1933 ta haifar, biyu da suka fi tashe, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, dukkansu sun shiga ƙasar aljanu. An buga su a 1934, shekara uku kafin The Hobbit, shekara huɗu kafin Fagunwa.

Imam yana da shekara 22 kacal, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Zaren labarin sananne ne: an kunyata Liman a fada don ya ce akwai ruwan da zai warkar da ɗan sarki, Alhaji, tauraron labarin, ya tashi daga Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan don ya wanke shi. Idan aka ɗora shi a ma'aunin farashi kai tsaye, gaskiya ba zai yi nauyi sosai ba. Aljanun na zuwa a ƙarshe, taimakonsu na zuwa da sauƙi, Alhaji ya dawo da dukiya da ɗaukaka. Ƙarfin littafin yana wurin Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da Alhaji ya sauka sai ya ci karo da shi, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama, daga kasuwa zuwa gaban alƙali zuwa gidan kaso, har gabar ta rikiɗe ta zama abota. Imam da kansa ya ce ya amfana da Maƙamatul Hariri, inda mai ba da labari ke ta haɗuwa da wani mayaudari mai zaƙin baki a gari bayan gari. Abin da ya ƙara nasa ne: Hausa mai gudu, mai ba'a, wadda har yau idan aka karanta ta a aji sai ɗalibai sun fashe da dariya. Ta ƙofar da Sarkin Birai ya shiga, ta nan Zurƙe zai shiga.

Akan ce ai Imam aro ya yi, musamman a Magana Jari Ce, juzu'i uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, inda aku ke riƙe ɗan sarki Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi sawun labaran har zuwa Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm da labaran aku na Indiya da Farisa. Haka ne, kuma bincikensu ya ƙara wa littafin haske. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo tushe daga jarumin Rasha Ilya Muromets. Amma idan aro na hana shiga sahu, Tolkien ne zai fara fita, domin sunan Gandalf da na wadanninsa daga wata tsohuwar waƙar mutanen arewacin Turai ya kwaso su, ɓarawon da ya saci ƙoƙo daga taskar dodo kuma daga waƙar Beowulf. Abin dubawa shi ne ko abin da aka aro ya zama ɗan gida. Wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu bai taɓa jin ƙanshin Jamus a ciki ba.

Ganɗoki kuwa wani abu ne dabam, kuma shi ne littafin da wannan lacca ke ganin an fi zalunta. An haifi Bello Kagara a 1890, ke nan yana yaro mai wayo lokacin da sojojin Lugga suka ci Bida da Kwantagora a 1901, yana ɗan shekara 13 lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903. Kashin farko na littafinsa tarihi ne da jini a jika: Ganɗoki barde ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, yana kirari yana kutsawa cikin mayaƙa, yana ganin yadda doki da mashi da sulke suka zama banza a gaban bindiga mai ruwa. An ci su. Daga nan ne labarin ya ɗaga ƙafa daga ƙasa, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka yi gabas, suka faɗa duniyar aljanu da dodanni da sarakunan da ba su san Allah ba, inda takobi ke da amfani har yanzu, inda jarumi ke iya cin yaƙi ya musuluntar da gari. Wasu masu sharhi na ganin wannan tsalle rauni ne, wai marubucin ya rasa yadda zai ci gaba da tarihi. Akasin haka ne. Mutumin da aka ƙwace wa duniyarsa a rana ɗaya, ina zai kai jarumtakarsa? Ƙasar aljanun nan ita ce girman abin da aka rasa a Burmi. Kowace nasara da Ganɗoki ya yi a can tana tuna wa mai karatu wadda ba a yi ba a nan, kuma mutanen da suka fara karanta littafin a 1934, da yawansu iyayensu na cikin waɗanda aka ci.

Yana da nasa aibin. Ganɗoki ya dawo gida ya tarar da jirgin ƙasa da makarantun boko da zaman lafiyar Turawa, labarin ya sassauta murya ya karɓi sabon zamani da saurin da bai gamsar ba. Ana iya tuna cewa hukumar mulkin mallaka ce ta sa gasar kuma ita ta buga littafin. Yaƙe-yaƙen tsakiya ma suna maimaita juna. Amma a irin nauyin da ke bayan al'ajabinsa, ɗan'uwan Tolkien ne: dukansu biyu yaƙin gaske ne ya tura su ƙirƙirar wata duniya, ɗaya daga Somme, ɗaya daga Burmi.

Jikokin Ganɗoki suna nan da yawa. Littattafan yaƙi da suka cika kasuwar Kano tun shekarun 1990, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ke cikin fitattun marubutansu, suna da dubban masoya, ana karanta su a rediyo, yanzu kuma matasa na sauraren su a YouTube daga Kano har Damagaram da Kumasi. Sun riƙe wutar, sun kuma tabbatar da cewa ƙishirwar al'ajabi ba ta gushe ba. Abin da ya rage wa da yawa daga cikinsu shi ne farashin nan. Sadaukin da ke kashe dubu da sara ɗaya, matsafi bai taɓa cin galabarsa ba, bai rasa ɗa ba, bai yi nadama ba, ya dawo yadda ya fita, yana burge mai karatu a daren farko amma ba ya zama a zuciya. Marubucin da ya haɗa wannan kuzari da irin raunin Frodo ko inuwar Ged, a cikin Hausa irin ta Imam, shi ake jira.

Da za a ce a kawo littafin Hausa guda ɗaya a ajiye kusa da na Tolkien da Le Guin da Fagunwa da Wu Cheng'en, yawancin malaman da ke wannan zaure Ruwan Bagaja za su miƙa, kuma suna da hujjar harshe da daɗin karatu, ga shi ma an taɓa mayar da shi Ingilishi da sunan The Water of Cure. Mai wannan lacca Ganɗoki zai miƙa. Ƙanen ya fi yayan iya zance, amma yayan ne ya rubuta abin da ba wanda zai iya rubutawa sai wanda ya ga faɗuwar ƙasarsa da idonsa yana yaro.